Digirin Komai-da-Ruwanka: Zuwa ga Bawana, Babarbaren Wunti

Mala, bawana, wushe. Na fara maka da yarenku ne don kada ka ce ba da kai ake ba, tunda na san hali: in zance ya zo kan bashi ko kan gaskiya, nan take Hausar Babarbare ke gudu ta bar shi.

Labari ya iso ni, kuma ba daga baki ɗaya ba, wai ka kusa kammala digiri. Da farko na ɗauka irin zancen 'yan kasuwar Wunti ne, mutanen da za su dafa kafaɗarka su rantse cewa hular da aka ɗinka a bayan tasha, jiya da daddare ta sauka daga Bama. Sai da na ci karo da babban ɗanka a shagon masu buga kati yana cinikin katin walima guda ɗari biyu, sannan na nemi benci na zauna. Ashe da gaske ne. Mutumin da ya shekara talatin yana sayar da zanna-bukar da damanga, wanda ke hango kan mutum daga nesa ya faɗi lambar hularsa, shi ne zai tsaya gaban mai hoto da wannan baƙar hular ta 'yan boko, kamar almajiri ya kifa allonsa a ka yana gudun yayyafi, ga ɗan tuntu yana lilo a gefen ido. Hular da ko kyauta aka kawo maka ita shago, cewa za ka yi a ba yara su rufe tulu.

Digirin bai dame ni ba, don bawa in ya yi arziki ai na ubangijinsa ne. Sunan digirin ne ya hana ni barci.

Ka tuna Lahadin nan a wurin mai masa ta wajen Ƙofar Ran? Muna zaune kan benci, an zubo mana masa da zafinta, ga romo ga ƙuli, sai dattijon nan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya juyo ya ce, "Mala, na ji an ce ka koma makaranta. Me ake karantawa?" Tambaya ce mai amsa kalma ɗaya. Wani zai ce likitanci, wani lauya, wani injiniya, a ce Allah ya ba da sa'a, a ci gaba da ci. Kai kuwa sai ka ajiye masar da ka gutsura, ka goge hannu a gwiwa, ka gyara zama. "Wato Baba, karatun nan tana da yawa. Akwai lissafin kasuwanci kaɗan, akwai ilimin halayyar ɗan Adam, akwai tarihin duniya, akwai rubuta wasiƙa, akwai abinci mai gina jiki, sannan na ɗauki kwas ɗaya na taurari." Dattijo ya yi shiru yana tauna. Can ya ce, "To in ka gama, me za ka zama?" Ka ce, "Mai digiri." Ya girgiza kai. "Likita ma mai digiri ne. Shi in jiki ya lalace ake kiransa. Injiniya in gada ta lalace. Lauya in zumunci ya lalace. Kai in me ya lalace za a kira ka?"

Ban taɓa ganin Babarbare ya bar masa ta huce a gabansa ba sai ran nan. Ni na taimake ka da ita, kada a yi asara.

Tun daga ranar na raɗa wa abin suna. Ku da malamanku na Amurka kuna ce masa digirin karatun gama-gari, ni kuwa digirin komai-da-ruwanka nake ce masa, don ya tuna mini da motocin nan na da masu zuwa Dass da Ningi da Alkaleri ran kasuwa. A ciki za ka ga amarya da kayan ɗakinta, ga buhun gawayi, ga akuya ɗaure da ƙafar kujera, ga mai ciwo za a kai shi asibiti, ga kaji a saman rufi. Direba ba ya tambayar me ka ɗauko, shi dai a biya. Kuma in za a faɗi gaskiya kowa yana isa inda za shi, sai dai amaryar kan sauka tana warin akuya.

Amma bari in yi maka adalci, ko da yake ba a saba yi wa irinku ba. Masu karatu ba su san yadda ka faɗa cikin wannan mota ba, ni na sani. Ka fara difloma ta akanta, kana shekara ta biyu Allah ya yi wa mahaifinka rasuwa, shago da ƙanne bakwai suka dawo wuyanka. Bayan shekaru ka shiga karatun ƙarshen mako na harkar mulki, ka yi zango biyu, aure na biyu ya cinye kuɗin zango na uku. Ka yi wata shida kana koyon kwamfuta lokacin da ake yayinta. Duk waɗannan guntaye suna cikin wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin gado, kamar ƙyallayen da tela ke tarawa yana cewa wata rana za su yi amfani. To, su Amurkawa sun ƙirƙiro irin wannan digiri ne musamman saboda masu irin jakarka: sojan da aka yi ta yawo da shi daga bariki zuwa bariki, matar da haihuwa ta katse wa karatu, ma'aikacin da ba a ƙara masa girma sai da kwali. Digirin farko a can yawanci kiredit 120 ne. Sai su ce kawo abin da ka taɓa yi a auna, su karɓi wanda ya karɓu, su watsar da saura, abin da ya rage ka cike shi da kwasa-kwasan da ka zaɓa daga fanni biyu ko uku, a lokacin da ka samu sarari. Wato tela ya haɗa ƙyallaye ya fitar da riga. Ko rigar za ta shiga taro, wannan wata magana ce, za mu zo kanta.

Ingila ma tana da nata. Buɗaɗɗiyar jami'arsu, wadda aka kafa a 1969 zamanin Firayim Minista Harold Wilson, da talabijin ɗin BBC ta riƙa kai wa direbobi da matan aure lakca har gida cikin dare, kuma har gobe tana ba da digirin da ɗalibi ne ke harhaɗa darussansa da kansa. Mu ma mun kwaikwayo, sai dai rabin abin muka ɗauko. Shagari ya kafa tamu Buɗaɗɗiyar Jami'ar a 1983, sojoji suka rufe ta a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, daga baya shi da kansa ya je ya yi rajista a matsayin ɗalibi, har ya kai ga digirin digirgir a ilimin addinin Kirista yana ɗan shekara tamanin. Ga cibiyarta nan a cikin Bauchi, ko kuɗin Keke Napep biyu ba za ka kashe ba daga shagonka. Na tambaye ka me ya hana ka shiga nan, ka ce wai su lokaci kawai suke sassautawa, fanni kuwa dole ka tsaya kan guda. Gaskiyarka. A ƙasar nan digiri sai da suna na yanka. Ko sabon tsarin karatun da Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022, kashi 70 cikin ɗari na darussa ita ke yankawa, kashi 30 ta bar wa jami'a. Ɗalibi kuwa kasonsa shi ne ya zo da wuri ya samu kujera.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, wannan karatun gama-gari da ka ƙetare teku nemansa, muna da shi a gida, kuma babu abin da ɗalibai suka tsana kamarsa. Shi ne GST. Jami'ar Nsukka ce ta fara shigo da shi a farkon shekarun 1960, da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, daga baya ya zama wajibi a ko'ina. Ko a harabar jami'a ta Yelwa kake ko ta Gubi ko ta Gadau, ko injiniya kake son zama ko likitan dabbobi, sai ka zauna an koya maka Turanci, da al'adun mutanen Najeriya, da ɗan mantiƙi, da zaman lafiya da sasanta rikici, da dabarun sana'a. Niyyar mai kyau ce: kada a yaye injiniyan da ya iya gina gada amma bai san mutanen da ke tsallaken kogin ba. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a irin wannan aji ya san yadda abin yake. Ɗaki ɗaya, ɗalibai kamar ranar hawan Daushe, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya suna cin gyaɗa, malami can gaba yana fama da lasifikar da ke shaƙewa. Ana saura kwana uku jarabawa a nemi tambayoyin bara a haddace, a fito a karkaɗe kai, komai ya zube. Yaji ne da ake barbaɗawa a gefen tsire, kowa na ɗan dangwala don dole. Sai ga Babarbare ya zo ya ce a auna masa yajin kwano guda, tsiren a bar shi.

Kuma da wace wahala! Na zo shagonka da azahar na tarar da waya jingine da gungumen da ake ɗora hula, igiyar sauraro ɗaya a kunnenka, ɗayar tana reto a kan ƙirji. Wata Baturiya tana ta bayani a kan yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye tunani, kai kuma kana ce wa wani Alhaji, "Wallahi ban saya haka ba, ƙara dubu biyu." Uwargida ta shaida wa tawa uwargidan cewa darasin da ake yi kai tsaye, in su can sun taso daga aiki da yamma, mu nan sha biyun dare ta gota. Sai ka tashi ka sa babbar riga a kan gajeren wando, tunda iya ƙirji kyamara ke ɗauka, ka zauna a tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi, sauro na cin ƙafarka kana murmushi kana gyaɗa wa Turawa kai. Ran da wuta ta ɗauke ana tsakiyar jarabawa, an ce da gudu ka fita har gidan maƙwabci mai sola, ba takalmi. A 2022, da malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas, ɗanka na kwance a gida yana kallon ƙwallo, kai kana cinye zango biyu. Yaron nan har yau bai yafe maka ba. Ya ce da ka bari ya riga ka, ko don mutuncinsa a wurin abokai.

Na san abin da ke bakinka, don haka bari in riga ka faɗa. Za ka ce, "Fulata, kai me ka karanta?" Na'am, kiwon dabbobi na karanta. Shekara biyar. Kuma na ji duk abin da ka yi ta yaɗawa a kasuwa tun lokacin: wai Bafulatani ya biya kuɗin makaranta don Bature ya nuna masa saniya, wai kakana da bai taɓa riƙe fensir ba ya fi malamaina sanin wadda za ta haihu. Ban musa ba. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, tun da na karɓi kwalin nan ban taɓa saniya da sunan aiki ba. Ofishin da ya ɗauke ni, a sashen albashi ya ajiye ni. Na yi shekara takwas ina lissafin kuɗin mutane, ni da na tsallake lissafi da kyar. Daga nan aka mai da ni mai rubuta wa shugaba jawabi, daga nan mai sasanta rigimar ma'aikata, yanzu ga ni ina cika shafin jarida da zagin Barebari. A ajinmu, wanda ya fi kowa ƙoƙari a darasin abincin kaji yana banki, wani yana kwastan, wata tana sayar da atamfa a Muda Lawal kuma ta fi mu duka kuɗi. Mun shiga da tikitin mota ɗaya mai zuwa gari ɗaya, rayuwa ta juye mu a komai-da-ruwanka ba tare da ta tambaye mu ba. Kai dai laifinka shi ne ka hau da ganganci, har kana biya da dala.

Kada wannan ya sa ka ɗaga kafaɗa. Ka tuna a garin wa kake zaune. A 1827 Shehunku Laminu ya taso da runduna ya nufi Kano, Yakubun Bauchi ya tare shi a Fake ya mai da shi gida. Na san amsarka, ka sha ba ni ita: Yakubu ai Bagere ne, ba Bafulatani ba. To wa ya koyar da shi? A gaban wa ya durƙusa ya ɗauki karatu, wa ya ba shi tuta? Mu ba sai mun je da kanmu ba, ɗalibinmu ma ya ishe ku. Kuma ba banza ba Fulanin Adamawa ke kiranku Kolejo. Da na ɗauka suna ne kawai, ashe hangen nesa ne: sun san wata rana ɗayanku zai tsufa yana bin kwaleji-kwaleji.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a duk ƙasar nan babu waɗanda suka san darajar tsayawa kan abu ɗaya kamar kakanninka. Tun da can, yaron da ake so ya riƙe Alƙur'ani gabas ake tura shi. Mutum ya shekara ashirin a kan littafi ɗaya, ya haddace, ya rubuta shi da ka daga farko har ƙarshe, ya san sau nawa kalma kaza ta zo da kuma inda ta zo, sannan a ce masa gwani, ku ku ce goni. Wannan ko maƙiyinku ya sallama muku, ni ma da nake ubangijinku na sallama. Jikan waɗannan mutane ne yau yake ɗanɗana taurari da safe, abinci mai gina jiki da yamma.

Sai dai kuma da na zauna na yi tunani, wanda ba ɗabi'arku ba ce don haka ba za ka gane wahalarsa ba, sai na ga abin naka ba baƙo ba ne a garin nan. Karatun zaure fa? Wa ya taɓa yi wa ɗalibin zaure jadawali? Da asuba yana gaban wannan malami da Iziyya ko Risala, da hantsi ya tafi kasuwa neman abinci, bayan la'asar yana wani zauren da Ajurumiya, da daddare wani tsoho na buɗe masa Muƙamar Hariri. In ya ji labarin wani masanin hisabi a Zariya ko Katsina, sai ya naɗe buzunsa ya tafi. In damina ta zo ya ajiye littafi ya yi noma, in ta wuce ya ɗora daga layin da ya tsaya. Babu wanda ke korarsa don ya kai shekara hamsin. Abin da Amurkawa suka sa wa kiredit suke sayar maka, kakanninmu da sadakar goro suke samunsa.

Ka dubi mutanen da garin nan ke taƙama da su. Malam Sa'adu Zungur, wanda jami'ar jiha ke amsa sunansa yanzu, ya taso cikin karatun addini a gida, ya je Kwalejin Katsina, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, ya koyar da ma'aikatan lafiya a Zariya, ya yi sakataren jam'iyyar NCNC, ya kuma bar waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. In aka ba shi fom ɗin neman aiki na zamanin nan, mai ɗan akwatin da aka rubuta "fannin karatu" wanda ko kalma uku ba ya ɗauka, me zai cike? Abubakar Tafawa Balewa malamin makaranta ne, ya rubuta Shaihu Umar, ya yi shekara guda a Landan yana ƙaro ilimin koyarwa, ya dawo aka ba shi ministan ayyuka a 1952, sannan sufuri, sannan Firayim Minista a 1957. Su biyun da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a Midil ta Bauchi, su ne suka riƙa zama a farkon shekarun 1940 suna muhawara kan mulki da haraji da ilimi a gaban Turawa da 'yan fada. Da dattijonmu na wurin masa ya tambaye su in me ya lalace za a kira su, da sun ce masa ƙasa.

Yanzu na ga ka fara murmushi kana shafa gemu, kana jin an haɗa ka da manya. Sauko. Su waɗannan sun yi yawo cikin fannoni ne saboda akwai tambayar da ke cin su, kowane karatu suka ɗauka ita yake yi wa hidima. Ɗalibin zaure ma, duk yawonsa, ba ya tsallake Ahalari ya faɗa Muhtasar, kuma akwai malamin da ya san shi ido da ido, wanda zai ce masa koma baya, ba ka iya ba tukuna. Haɗarin digirinka a nan yake: an miƙa wa mutum ludayi an ce ya ɗebi abin da yake so, to wa zai ɗebi ƙashi? Na ga takardar sakamakonka, yaronka ya nuna mini, kada ka dake shi. Lissafin ƙididdiga ka yi rajistarsa sau biyu kana janyewa a mako na uku. Kwas ɗin taurarin nan kuwa, ka gaya mini da bakinka cewa wani ɗan ajinku ne ya ce maka ba a faɗuwa. Kai da kanka ka fi ni sanin cewa hula mai zare kala bakwai tana iya zama ta sarauta, tana kuma iya zama ta mahaukaci. Bambancin yana wurin wanda ya zana ta kafin a sa allura. Na duba taka da kyau: wajen kasuwanci da halayyar mutane zanen ya fito, har ya yi kyau. Wajen taurari da tarihin fina-finai kuwa, kamar yaro ne ya samu allurar kana sallah.

Sannan ga maganar takarda. Kwalin waje ba a shiga da shi ofis haka kawai, sai an kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja an tantance. Kuma tun da ɗan jaridar nan na Daily Nigerian ya tona a ƙarshen 2023 yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo a Janairun 2024, duk wanda ya shigo da kwalin waje kallon ɓarawon akuya ake yi masa. Na san naka ba irin wannan ba ne, sauron tsakar gidanka shaida ne. Amma ka shirya bayani, don ma'aikacin da zai karɓi fayil ɗinka ƙanin dattijon nan ne na wurin masa, kuma shi ba zai ba ka lokacin goge hannu a gwiwa ba. Kuɗin kuwa ban so in taɓo ba, don kada hawan jininka ya tashi. Ka fara biya dala tana ƙasa da naira 500, ka ƙare tana sama da 1,500. Da shanu ka saya da kuɗin nan ka ba ni kiwo, da yanzu kana da garke, ko da yake rabinsa na ce maka kura ta cinye. Abu ɗaya ka tsira da shi: ka haura shekara talatin tun zamanin da, don haka babu mai sa ka gajeren wando fari kana fareti a sansanin bautar ƙasa. Wannan rahama ce ga idanun jama'a.

To amma tsakani da Allah, ko karatun ya yi amfani? Ni ne shaida, kuma shaidar da aka cuta. Kafin ƙaramar sallah na zo da dubu goma sha biyar a aljihu ina neman hula ta talaka. Ba ka ce mini komai ba, ka ciro wata daga cikin leda a ƙasan kanta, ka hure ta, ka ɗora mini, ka juyo da madubi. Ka ce dubu tamanin, amma ba don ni ka fito da ita ba, wani kwamishina ke jira. Na cire da sauri kamar ta ƙone ni. Sai ka miƙo wata ta dubu talatin da biyar, na ji ta kamar kyauta, har ina yi maka godiya. Sai bayan sallah kake gaya mini kana dariya cewa darasin mako na huɗu ne: farashin da kunne ya fara ji, da shi yake auna duk na bayansa. Na ce maka mahaifinka ma haka ya yi wa mahaifina a wannan shagon, kuma bai biya kowa dala ba. Ka ce e, amma shi bai san sunan abin ba.

Wanda ya fi ciwo shi ne kwas ɗin lissafin kasuwanci. Shekara da shekaru bashin shagonka yana rubuce a bayan kwalayen sabulu da gefen kalanda, in ruwa ya taɓa shi ke nan, Allah ya yafe wa kowa. Zaman lafiya muke yi. Yanzu ka zuba komai a kwamfuta, layi-layi, da rana da wata, har tana jera mutane daga mai babban bashi zuwa ƙarami. An ce sunana ne na biyu, kuma akwai wata damanga ta 2019 da ni na manta da ita, kai ma ka manta, na'urar ce ba ta manta ba. Ran nan da asuba saƙo ya shigo wayata, cikin ladabi da Turanci mai kyau, ana tuna mini. Na nuna wa dattijon wurin masa. Ya karanta a hankali, ya miƙo mini wayar, ya ce, "To, yanzu na gane. Shi in amana ta lalace ake kiransa."

Saboda haka ga sharuɗɗana na zuwa walima. Kujerata a gaba, kusa da fanka. A yi masa, masar Bauchi ta gaske, kada a cika wa mutane ciki da burabusko a ce al'ada ce. A rage turaren wuta, akwai masu asma. In an zo jawabi ni zan gabatar da kai, kuma zan karanto sunayen kwasa-kwasan nan ɗaya bayan ɗaya har da na taurari, don haka a tanadi ruwan sha. Baƙar hular kuma in an gama hoto ka ba ni aro, akwai kazar da ke kwanci a gidana tana neman inuwa. Batun damangar 2019, ka buɗe kwamfutar taka, ka nemi layin da ake rubuta abin da shago ke bin mutane, ka matsa gefe zuwa na abin da ake bin shago, ka rubuta kuɗin sharar shekara bakwai da ba ka kawo wa ubangijinka ba. Ka tara, ka ɗebe, ka aiko yaro da canjina kafin Juma'a.